Da Kayan Nan Mutum Ne, Wane Irin Hali Gare Shi?

Akwai wata tambaya da masu binciken kasuwa suka daɗe suna yi wa jama'a, wadda idan ka ji ta karon farko sai ka ɗauka wasan yara ne. Za a tara mutum takwas ko goma a ɗaki, a ajiye musu kwalin sabulu ko hoton mota, a ce musu: da a ce wannan mutum ne, namiji ne ko mace? Shekarunsa nawa? Wace sana'a yake yi? In ya shigo taro, zai bi kowa ya gaisa ne, ko kujerar gaba zai nema ya harɗe? Da wuya a samu wanda zai ce ai sabulu ba shi da shekaru. Nan take amsa take fitowa. Wannan dattijo ne mai natsuwa, wancan saurayi ne mai rawar kai, waccan kuwa 'yar gayu ce da ba ta kula kowa.

Amsoshin ba a ɗakin suke ƙarewa ba. A kansu ake yanke launin kwali, da muryar da za ta karanta talla, da fitaccen mutumin da za a ɗauka ya tallata kayan, har da irin lafazin da ma'aikaci zai amsa wayar abokin ciniki da shi. Kamfanoni na zuba maƙudan kuɗi a kan wannan. Shi ya sa ya kamata a tsaya a duba abin da ake aunawa. Halin da mutane ke faɗa, dama can yana cikin zukatansu ne, ko tambayar ce ta haife shi a lokacin da aka yi ta? A nan idan na ce tambari, ina nufin sunan da kamfani ke sayar da kaya a ƙarƙashinsa, haɗe da alamarsa da launinsa da duk abin da ke faɗo wa mutum a rai in an ambace shi.

Dabarar ta samo asali ne daga wata matsala ta gaske: mai saye ba kasafai yake faɗin ainihin dalilinsa ba. Wani lokaci kunya ce, wani lokaci shi kansa bai san dalilin ba. A shekarar 1950 wani malamin jami'a a Amurka mai suna Mason Haire ya nuna haka ta hanya mai sauƙi. A lokacin kofi na Nescafé, mai narkewa nan take a ruwan zafi, bai samu karɓuwar da ake tsammani ba. In an tambayi matan aure dalili, sai su ce ɗanɗanonsa ne bai yi musu ba. Haire bai gamsu ba. Sai ya rubuta takardar cefane kala biyu, komai iri ɗaya, nama da burodi da karas da dankali da sauransu, sai abu guda: a ɗaya an rubuta Nescafé, a ɗayar kuma Maxwell House, wanda sai an dafa an tace. Ya ba mata hamsin takarda ta farko, wasu hamsin ta biyu, ya ce kowacce ta kwatanta masa matar da ta rubuta wannan cefanen. Kusan rabin waɗanda suka ga Nescafé sun ce matar malalaciya ce, da yawa suka ƙara da cewa ba ta iya tsara gida ba. A cikin waɗanda suka ga Maxwell House, 'yan ƙalilan ne suka faɗi haka. Ashe ba harshe ne ya ƙi kofin ba, gudun a ce mace ta yi wa iyalinta ha'inci ne. Ba wadda za ta furta wannan game da kanta, amma da aka ba ta wata mace ta boge ta ɗora wa, sai maganar ta fito.

A lura da wani abu a binciken Haire, domin zai dawo mana. Matan ba su ce Nescafé malalaci ne ba. Mai sayensa suka kira malalaciya. Tun daga tushe, halin kaya da halin mai amfani da kaya a cakuɗe suke, kuma har yau ba a gama raba su ba.

Shekarun 1950 su ne lokacin da wannan tunani ya bunƙasa a Amurka. Masana'antu sun yawaita, kaya sun yi kama da juna, sabulun wannan kamfani da na wancan duk wanki ɗaya suke yi. Ernest Dichter, masanin halayyar ɗan Adam da ya baro ƙasar Ostiriya ya isa Amurka a 1938, ya yi suna wajen zama da masu saye yana tatsar su da doguwar hira, yana neman abin da kaya ke nufi a zuciyarsu. A 1955 Burleigh Gardner da Sidney Levy suka rubuta a mujallar kasuwanci ta Jami'ar Harvard cewa tambari yana da siffa da hali a idon jama'a, kuma wannan kan iya fin bayanan fasahar kayan tasiri wajen ciniki. David Ogilvy, gogaggen mai talla, shi ma ra'ayinsa ke nan: kowace talla tubali ce a ginin mutuncin tambarin na dogon lokaci.

Misalin da ya fi kowanne fito da ƙarfin abin shi ne na Marlboro. A shekarun 1920 sigarin mata ce, ana tallata ta da laushi da sanyi. Da aka shiga shekarun 1950 rahotannin da ke danganta taba da kansar huhu suka fara tsorata mutane, kamfanoni suka koma sigari mai matata a baki, amma maza na kallon irin wannan a matsayin ta mata. Kamfanin Philip Morris, mai sigarin Marlboro, ya kai kukansa ga Leo Burnett, mai kamfanin talla a Chicago. Daga 1955 aka fara nuna ƙarfafan maza, daga baya aka tsaya a kan kaboyi bisa doki a fili fetal, shi kaɗai, ba ya jiran umarnin kowa. Zuwa farkon shekarun 1970 Marlboro ta zama sigarin da aka fi saye a duniya. Ana cewa hali zanen dutse, to ga tambarin da ya tashi daga mace ya koma namiji cikin 'yan shekaru, da shawarar mutanen da ke zaune a ofis. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa abin da ake kira hali a nan ba irin na ɗan Adam ba ne. Kuma ba zan wuce ba tare da faɗin cewa da dama daga cikin mazan da suka fito a tallar cututtukan da taba ke jawowa ne suka yi ajalinsu.

Wasu kamfanonin ma ba su tsaya kwana-kwana ba, mutum sukutum suka ƙirƙira. A 1921 wani kamfanin fulawa a Amurka, wanda daga baya ya zama General Mills, ya ƙago wata mata mai suna Betty Crocker don ta riƙa sa hannu a amsoshin wasiƙun masu tambayar girki. Babu ita a duniya, amma aka yi mata murya a rediyo, aka zana mata fuska, mata suka riƙa rubuto mata damuwarsu kamar ƙawa. Kamfanin taya na Michelin a Faransa yana da nasa mutumin da aka haɗa da tayoyi tun 1898. Daga 2006 zuwa 2009 kuma Apple ya yi jerin tallace-tallace inda mutum biyu ke tsaye, ɗaya matashi cikin kayan shan iska yana cewa shi ne Mac, ɗaya cikin kwat da ɗaurin wuya yana wakiltar sauran kwamfutoci, kullum cikin matsala.

Me ya sa zuciya ke karɓar wannan cikin sauƙi? A 1944 Fritz Heider da Marianne Simmel suka nuna wa ɗalibai wani gajeren fim wanda babu mutum ko dabba a ciki: siffa mai kusurwa uku babba, wata ƙarama, da da'ira, suna yawo a ciki da wajen wani akwati mai ƙofa. Aka ce su faɗi abin da suka gani. Kusan dukkansu labari suka bayar. Babbar siffar azzaluma ce mai cin zali, ƙaramar jaruma ce, da'irar kuwa tsoro ya kama ta ta ɓuya. Ɗan Adam ya fi ƙwarewa wajen karantar mutane fiye da komai, domin rayuwarsa ta dogara ne a kan gane mai nufinsa da alheri da mai nufinsa da sharri. In ya haɗu da abin da ke motsi, ko yake magana, ko yake yi masa alkawari, da wannan ƙwarewar yake tunkararsa. Tambari kuwa yana magana ta talla, yana alkawari a jikin kwali, yana cikawa ko ya saɓa.

Har zuwa shekarun 1990 aikin ya fi karkata ga hira da hasashe. Kowane kamfanin bincike da nasa kalmomin, ba a iya kwatanta sakamakon wannan da na wancan. Wadda ta kawo ma'aunin da ya game duniya ita ce Jennifer Aaker, a wata maƙala ta 1997. Hanyar da ta bi aro ce daga masana halayyar ɗan Adam. Tun 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka bi ƙamus ɗin Ingilishi suka tsamo kalmomi kusan 18,000 da ake siffanta mutum da su, bisa tunanin cewa duk halin da ya dami al'umma sai ta ba shi suna. Waɗanda suka biyo baya suka yi ta tacewa da lissafi har aka tsaya a kan manyan rukunai biyar na halin mutum. Aaker ta ce bari a yi wa tambura irin wannan.

Ta tara siffofi 309, ta rage su zuwa 114. Ta zaɓi tambura 37 daga kaya iri-iri, ta sa mutum 631 a faɗin Amurka su ba kowace siffa maki daga ɗaya zuwa biyar, gwargwadon yadda ta dace da tambarin. Daga nan sai lissafi ya shigo, irin wanda ke gano kalmomin da ke tafiya tare. In duk tambarin da aka ce mai gaskiya ne ana kuma cewa mai fara'a ne kuma mai son iyali, to ukun nan abu ɗaya suke nunawa, sai a ɗaure su a dami guda. Dami biyar suka fito. Na farko gaskiya da sauƙin kai, kuma kamfanin katin gaisuwa na Hallmark ya zama misalinsa. Na biyu karsashi, wato ƙuruciya da son sabon abu da rashin tsoro, irin na tashar MTV. Sai ƙwarewa da cika aiki, irin ta jaridar Wall Street Journal. Sai ƙasaita da gayu. Na ƙarshe ƙarfi da juriya, na mai shiga daji da hawan dutse, inda takalman Nike suka faɗa. Ma'aunin ƙarshe ya tsaya a kan siffofi 42.

Akwai abin lura a sakamakon. Uku na farko sun yi kama da abin da ake samu a halin mutane. Biyun ƙarshe, ƙasaita da juriya, ba su da takwara a ma'aunin ɗan Adam. Bayanin Aaker shi ne waɗannan biyun suna taɓo abin da mutum ke burin zama ne, ko da ba shi da shi. Ni a ganina nan ne asirin ciniki yake. Mai sayen babbar motar shiga daji wanda bai taɓa sauka daga kwalta ba, juriyar da motar ke nunawa yake biya wa kuɗi. Sai dai wani bincike da Lucia Malär da abokan aikinta suka wallafa a 2011 ya nuna cewa shaƙuwa mai ɗorewa ta fi samuwa idan tambarin ya dace da yadda mutum yake a zahiri, fiye da yadda yake mafarkin zama. Tallar da ta nuna maka kamalar da ba za ka kai ba tana iya jawo ka, tana kuma iya sa ka ji ka raina kanka.

Ma'aunin ya bazu kamar wutar daji, domin ya ba manajoji abin da suke so: lamba. Yanzu za a iya cewa tambarinmu ya samu kaza a gaskiya, abokin hamayya ya fi mu a karsashi, bara muna nan, bana mun matsa. Aka yi amfani da shi a kan bankuna, jami'o'i, ƙungiyoyin ƙwallo, birane, ƙasashe, har jam'iyyun siyasa.

Da aka fita da shi daga Amurka sai ya fara tangal-tangal. A 2001 Aaker da kanta, tare da Verónica Benet-Martínez da Jordi Garolera, suka maimaita aikin a Japan da Sifen. A Japan juriya ta ɓace, aka samu wani rukuni a madadinta mai nuna lumana da kawaici. A Sifen ma lumanar ta fito, tare da wani rukuni na zafin so da shauƙi. A 2005 Yongjun Sung da Spencer Tinkham suka gwada Koriya ta Kudu, nan ma aka ga rukunan da babu su a Amurka, masu alaƙa da tarbiyyar girmama na gaba da zaman tare. Ashe kaboyi ɗin nan ba kowa ne ya san shi ba. Wannan yana da muhimmanci ga duk wanda zai ɗauki takardar tambayoyin da aka tsara da Ingilishi ya fassara ya raba wa mutanen wata al'umma. Zai samu amsa, zai samu lamba, amma siffofin da mutanen suka fi auna mutunci da su wataƙila ba sa cikin takardar tun farko, kuma lissafi ba ya fito da abin da ba a zuba masa ba.

Suka mafi nauyi ta zo ne daga Faransa a 2003, daga Audrey Azoulay da Jean-Noël Kapferer. Suka ce ma'aunin ya haɗa abubuwan da masana halayya ba sa lissafawa cikin hali: jinsi, shekaru, matsayi a al'umma. Kasancewa matashi ko mai kuɗi ko mace ai ba hali ba ne. Akwai kuma siffofin da kawai ingancin kaya suke bayyanawa. In mutum ya ce wannan mota abin dogaro ce, yana nufin tana tashi da safe ba ta mutuwa a hanya. Ba sai an kira wannan hali ba. Saboda haka a 2009 wasu masana a Beljiyam, Maggie Geuens da abokan aikinta, suka fito da gajeren ma'auni mai siffofi 12 da suka tsaya a kan hali zalla.

Amma gyaran kalmomi bai taɓa babbar matsalar ba, wadda ita ce ta fi damuna. A 2014 Mark Avis da Sarah Forbes da Shelagh Ferguson suka wallafa wani gwaji. Sun nuna wa mutane hotunan duwatsu, duwatsu na ƙasa waɗanda babu kamfanin da ya taɓa tallata su, suka ba su ma'aunin Aaker. Mutane suka cike tsaf. Kowane dutse ya fito da nasa halin daban da na ɗan'uwansa, har wasu suka ba da labarin rayuwarsa. Babu wanda zai ce kafin a shigo ɗakin mutanen nan suna da ra'ayi a kan halin waɗannan duwatsu. Tambayar ce ta samar da shi. Mutum mai ladabi in an miƙa masa takarda an ce ya ba da maki, zai bayar, don kada ya kunyata mai tambaya ko a ɗauka bai gane ba. To in ma'auni zai iya samo hali a jikin dutse, samo shi a jikin man goge baki ba ya tabbatar da cewa mai saye yana tunanin haka a lokacin da ya miƙa hannu kan kanta.

Akwai wata shaidar daga ɓangaren ƙwaƙwalwa. A 2006 Carolyn Yoon da abokan aikinta a Jami'ar Michigan suka sa mutane cikin na'urar da ke nuna sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki, suna ba su siffofi su ce ko sun dace da wani mutum ko da wani tambari. Idan maganar mutum ce, sashen da aka sani da tunani a kan mutane ne ya fi motsawa. Idan ta tambari ce, sai aiki ya fi karkata ga sashen da ke hulɗa da abubuwa. Baki na amfani da kalma ɗaya, amma a ciki an san bambancin aboki da kwalba.

Masana cibiyar Ehrenberg-Bass da ke Adelaide a Ostireliya sun zo ta wata fuskar. Jenni Romaniuk da Andrew Ehrenberg sun duba bayanan kasuwa masu yawa, inda ba a tilasta wa mutum ba da maki, sai dai a ce ya zaɓi siffar da ya ga ta dace in akwai. Suka tarar kaɗan ne daga masu amfani da tambari ke laƙaba masa wani hali, kuma tamburan da ke gogayya a kaya iri ɗaya siffofinsu kusan ɗaya ne. Nau'in kayan ne ke ɗauke da halin: kusan kowane turare ɗan gayu ne, kusan kowane abin sha mai ƙara kuzari matashi ne. Wannan ya yi daidai da wani tsohon bincike na Franklin Evans a 1959, wanda ya auna halayen masu motar Ford da masu Chevrolet, a lokacin da masu talla suka haƙiƙance cewa mutane ne iri biyu. Bambancin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Sai kuma wani tarko da ke kama masu karanta rahoto: mutum ya fi yabon abin da yake amfani da shi, don haka babban tambari mai yawan kwastomomi kan fi samun maki a kusan kowace siffa mai kyau. Manaja sai ya ga haka ya ce halinmu ne ya kawo ciniki, alhali cinikin ne ya kawo makin.

Duk da haka ban yarda a watsar da batun ba, saboda akwai inda yake aiki a fili. A 2004 Aaker da Susan Fournier da Adam Brasel suka buɗe wani kamfanin hotuna na gwaji a intanet mai suna Captura, suka yi masa fuska biyu. Wasu kwastomomi suna hulɗa da shi cikin lafazin kamala da kulawa, wasu cikin lafazin wasa da ƙuruciya. Aikin da ake yi musu iri ɗaya ne. Ana cikin tafiya sai aka gaya wa wasunsu cewa an goge hotunansu bisa kuskure, daga baya aka ba da haƙuri aka dawo da su. Waɗanda ke tare da mai kamala sun ji ciwo ƙwarai, kuma ban haƙurin bai mayar da zumuncin yadda yake ba. Waɗanda ke tare da mai wasa kuwa, alaƙarsu har ƙarfi ta ƙara bayan an gyara. Laifi ɗaya, hukunci biyu. Wanda ya ce maka shi amintacce ne ya ɗauki nauyin da wanda ya zo da raha bai ɗauka ba.

Darasin ya wuce ɗakin gwaji. Volkswagen ya yi shekaru yana tallata motocin dizal ɗinsa a matsayin masu tsafta da kula da muhalli. A Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa an sa wa motocin manhajar da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi, kamfanin kuma ya amsa cewa abin ya shafi motoci kusan miliyan 11 a duniya. Fushin masu motocin ya wuce na wanda aka sayar wa kaya mai aibi, ya zama na wanda aka ci amanarsa. Shekaru talatin kafin nan, a 1985, Coca-Cola ya canza ɗanɗanon lemonsa bayan gwajin ɗanɗano da aka yi wa mutum kusan 200,000, inda sabon ya yi nasara. Jama'a suka yi ca, bayan kwana 79 aka dawo da tsohon. Gwajin ya auna harshe daidai, abin da bai auna ba shi ne cewa mutane sun ɗauki lemon kamar tsohon abokin da suka taso tare.

Saboda haka abin da nake gani shi ne, abin da ake kira halin tambari tsammani ne da aka gina a zuciyar mai saye game da yadda za a yi mu'amala da shi. Susan Fiske da Nicolas Kervyn da Chris Malone sun taƙaita shi a 2012 zuwa tambayoyi biyu, irin waɗanda mutum ke yi wa duk baƙon da ya tunkaro shi: me yake nufi da ni, kuma zai iya aikata abin da yake nufi? Na fi natsuwa da wannan fiye da siffofi 42, domin a bayan kowane tambari akwai mutane na gaske masu niyya da iyawa, waɗanda ke yanke farashi, suke yanke ko za a karɓi kayan da ya lalace, suke yanke ko za a faɗi gaskiya in an samu matsala. Idan mai saye ya ce banki kaza yana da girman kai, yawanci yana nufin an bar shi a layi ne ba wanda ya kalle shi. Kamfanin da ya karɓi irin wannan rahoto ya tafi ya canza launin talla bai fahimci abin da aka gaya masa ba.

Wani ɓangaren da bai kamata a yi shiru a kansa ba shi ne wanda ake yi wa wannan aiki. Fuska mai fara'a tana sassauta tsaron zuciya, kuma yara ne suka fi rauni a nan. Daga 1988 kamfanin R.J. Reynolds ya tallata sigarin Camel a Amurka da zanen wani raƙumi ɗan gayu mai baƙin tabarau, Joe Camel. A 1991 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta wallafa binciken da ya nuna sama da kashi 90 cikin ɗari na yara 'yan shekara shida da aka gwada sun iya haɗa hoton raƙumin da sigari. An janye shi a 1997. Ostireliya ta ci gaba fiye da haka: daga Disamban 2012 doka ta tilasta sayar da taba a kwali iri ɗaya mai launi marar armashi, ba alama, sunan ma da rubutu iri ɗaya. Kamfanonin taba sun yi ta shari'a a kan dokar, suka sha kaye. Yadda suka dage wajen kare launi da zane ya nuna sun san darajar abin da aka ƙwace musu.

Yanzu kuma tambari ya fara magana da bakinsa. Siri, manhajar da ake yi wa magana da murya ta amsa, ta shigo wayoyin Apple a 2011, irinta ta kamfanin Amazon mai suna Alexa ta fito a 2014, ga manhajojin hira da ke amsa wa kwastomomi dare da rana, suna kiran mutum da sunansa, suna ba da haƙuri, suna raha. A da sai mai bincike ya roƙi mutum ya ɗauka cewa kaya mutum ne. Yanzu akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne rubuta wa na'ura halin da za ta nuna, su yanke yawan barkwancinta da yadda za ta amsa wa mai fushi. Sakamakon Captura ya shafi wannan kai tsaye: muryar da aka tsara ta yi kama da mai kulawa, ran da ta yi wa mutum ƙarya a kan kuɗinsa ko lafiyarsa, za a yi mata hukuncin mai kulawar da ya ci amana.

Ga wanda rahoton irin wannan bincike zai zo gabansa, abin fara dubawa shi ne yadda aka yi tambayar. An bar mutane sun faɗi abin da ke ransu da kalmominsu kafin a miƙa musu jerin siffofi? An ba su damar cewa babu wadda ta dace? An raba amsar masu amfani da kayan da ta waɗanda suna kawai suka sani? An kwatanta da sauran tamburan da ke sayar da irin kayan, don a cire abin da na nau'in ne gaba ɗaya? Kuma siffofin daga bakin mutanen wurin aka tattaro su, ko daga wata ƙasa aka kwaso aka fassara? Rahoton da ya cika waɗannan sharuɗɗan yana iya zama da amfani sosai, musamman wajen sa mai zanen kwali da mai rubuta talla da mai amsa waya su yi magana da murya ɗaya. Wanda bai cika su ba, to a sake binciken kafin a taɓa kasafin talla, kuma a wannan karon a haɗa sakamakon da bayanan ciniki da na ƙorafe-ƙorafen da kwastomomi suka shigar a shekarar.